Muryar da Aka Turke

Makon jiya aka kawo mana sababbin ordinatar, wato kwamfuta, a biro, ofishin da nake aiki. Ina danna maɓallin tawa, kafin ma in gyara zama, sai muryar wata mace ta fito daga ciki tana yi mini maraba da Faransanci, tana tambaya ko da abin da za ta taimake ni da shi. Na zabura har na ture kofin shayina. Abokan aiki suka yi ta dariya, wai ni da na fi kowa sanin na'ura a wurin ni ce ke tsoron na'ura. Na shiga cikinta na kashe muryar, na kashe sanarwowin da ke leƙowa ta gefe, na kashe duk wani abu da ke motsi ba a taɓa shi ba, sai da ta yi tsit sannan hankalina ya kwanta. Ba tsoronta nake yi ba, mai karatu. Na taɓa jin na'ura ta yi magana a ranar da bai kamata ba, tun daga ranar kuwa ba na barin wata ta buɗe baki sai da izinina.

A Dakoro aka haife ni, a gidan kakana, wanda kowa ke kira Tsoho, har 'ya'yansa in ba ya kusa. Mutumin arewa ne, daga wajen Tagriss ya gangaro da 'yan dabbobinsa tun yana saurayi, ya zauna, ya yi gona a hanyar Mai Yara, amma har ya bar duniya idonsa na makiyayi ne. Ko tabarma aka sayo sai ya juya ta ya duba kamar mai duba haƙoran rago a kasuwa. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta san shi da ita. Gidansa ne, da hannunsa ya gina shi, amma bai taɓa wuce zaure ya shiga ciki ba sai ya tsaya ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya jira a amsa. In ba a amsa ba yana nan tsaye ko da rana tana dukansa. Matarsa, wadda muke kira Kaka, ita ce mai amsawa. Ko tana bayan ɗaki tana tankaɗe, ko bakinta cike yake da goro, sai ta ɗaga murya ta amsa, sannan ka ji takun takalminsa yana shigowa.

Ni kuwa amarya yake kirana, irin wasan nan na jika da kaka. In na kawo masa ruwa sai ya ce amarya ta fi tsohuwar gida ladabi, Kaka ta ce ya kwashe ni mu tafi can ta ga wanda zai dama masa fura. Ina 'yar firamare a lokacin, ga rawar kai, ga son shiga abin da ba a sa ni ba.

A shekarar da nake ba ka labari, ana cikin yankan gero, tsakar gida duk ƙaiƙayi da ƙamshin sabon hatsi, Baffa ya dawo daga Maradi da wasu kwalaye a kan amalanke. Baffa ƙanen mahaifina ne, autan Kaka, malamin lakwal, wato makarantar boko. Ordinatar ya sayo, ta hannu, ba sabuwa ba, don ya riƙa buga takardun jarrabawa. Aka sa ta a ɗakin da ke jikin zaure, inda Tsoho ke shan shayi da hantsi, yake kuma yin nafilarsa. Wata gwanɗareriyar aba ce, gilashinta da ƙatuwar ƙeya kamar tulu, ga akwati a ƙasa mai huci, ga wani ɗan abu mai wutsiya da ake ja a kan tebur, wanda muka sa wa suna ɓera. Yaran unguwa muka cika ƙofa, muna tura juna.

Baffa ya danna maɓalli. Gilashin ya yi haske, sai wani kiɗa ya tashi, gajere, mai zaƙi. Mu yara muka sa ihu. Tsoho kuwa, da ke zaune a kan buzunsa, ya ajiye kofin shayin a hankali.

"Mi ne ne wanga?"

"Gaisuwa ce, Baba. In ta tashi haka take yi."

"Gaisuwa da kiɗi? Cikin gidana?"

Daga nan aka fara aikin da ya ci musu yammaci da yawa. Kullum Baffa ya taso daga lakwal, sai Tsoho ya sa shi gaba, ya ce a nuna masa duk abin da ke cikin baƙuwar, ɗaya bayan ɗaya. Yadda yake yi wa sabon garke haka ya yi mata. Abu uku ne hukuncinsa: na yanka, na turke, na saki. Baffa ya yi masa bayani cewa a na'ura ma haka abin yake. Akwai abin da ake gogewa ya tafi ke nan, ko an neme shi ba a samu. Akwai wanda ake kashewa kawai, yana nan ciki amma ba ya fitowa sai an kira shi. Akwai kuma wanda ake bari ya ci gaba da harkarsa. Tsoho ya gyaɗa kai, ya ce ashe masu ƙera ta sun taɓa kiwo.

Abin da ya fara faɗa wa wuƙa shi ne wasan karta. Baffa ya buɗe shi da nufin ya burge mu, katunan suka baje a gilashi, sarakuna da 'yan mata riƙe da furanni. Tsoho ya yi salati da ƙarfi. Ya ce shi da ya hana 'ya'yansa ko tsayawa kusa da 'yan caca a tasha, yau an kawo masa gidan caca har ɗakin sallarsa, a kan amalanke, da rana tsaka. Wannan na yanka ne, ba a ko tsaya shawara ba. Ina kallo Baffa ya goge shi ba da son ransa ba, don na san ya so wasan.

Amma abin da ya fi girgiza shi kare ne. Baffa ya shiga neman wata takarda a ciki, sai ga wani ɗan kare rawaya ya fito a gefen gilashi, yana kaɗa wutsiya, yana sosa kunne. Wallahi sai da Tsoho ya janye buzunsa baya. Ya dubi karen, ya dubi Baffa, bakinsa a buɗe. Ya tambaya tun yaushe karen ke kwana a ɗakin, wa ke ba shi abinci, kuma sallolin da ya yi a nan tun zuwan na'urar yaya matsayinsu. Baffa ya yi ta rantsuwa cewa zane ne kawai, aikinsa taya mutum nema. Ni kuwa na ƙyalla ido na ga karen, na ji duk duniya ba abin da nake so kamarsa. Da na ji ana maganar yanka sai na fashe da kuka. Tsoho ya dube ni ya ce, "To, saboda amarya, a turke shi. Bai ci ma kowa komi ba. Amma kar in ƙara ganin hancinai." Aka kashe karen, ba a goge shi ba. In Tsoho ya tafi gona, wani lokaci Baffa kan kwance mini shi in gani, sannan ya mayar.

Haka aka bi su. Wasu 'yan saƙonni da ke tasowa daga ƙasan gilashi suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, Tsoho ya ce sun cika sa baki a maganar manya, aka turke su. Agogon da ke nuna lokacin wata ƙasa aka juyo da shi ya bi ranar Dakoro. Kifayen da ke yawo a gilashi in an bar na'urar ba a taɓa ba, ya ce aikin banza ne, su ma aka ɗaure su. Abu ɗaya ne ya saki da zuciya ɗaya, hoton da ke shimfiɗe a bayan komai, wani tudu kore shar da sararin sama a kansa. Baffa ya so ya canza shi da hoton ajinsu, Tsoho ya hana. Ya daɗe yana kallon tudun nan, sannan ya tambaya ina masu ƙasar, ba su da dabbobi ne, ciyawa haka ba ko sawun akuya. Da rani ya yi, ƙasa ta bushe ƙayau, na sha tarar da shi zaune shi kaɗai yana kallon wannan ciyawar.

Akwai kuma wani abu da ya lura da shi wanda mu ba mu kula ba. Wutar garinmu tana zuwa tana tafiya, don haka Baffa ya saita na'urar yadda in wuta ta ɗauke tana kunne, da ta dawo sai ta tashi da kanta. Wata rana Tsoho yana zaune ya ga ta farka ba wanda ya taɓa ta. Ya ce wa Baffa wannan ma a turke shi, don shi bai yarda da abin da ke tashi ba a tashe shi ba. Baffa ya ce to. Irin "to" ɗin nan ce ta 'ya'ya, wadda ba ta wuce leɓe.

Saura kiɗan gaisuwa. Baffa ya ce ana iya kashe shi ta riƙa tashi shiru. Tsoho ya ce a'a, wanda ya shigo gida shiru ɓarawo ne, a koya mata sallama irin ta Musulmi. Baffa ya ce sai dai in wani ya yi sallamar a ɗauka a sa mata. Aka yi ta 'yan kallon-kallo, daga ƙarshe Tsoho ya ce tun da gidansa ne, bakinsa za ta ara. Baffa ya aro makirfo a lakwal, ya riƙe masa a gaban gemu. Tsoho ya gyara rawani kamar mai shirin shiga gaban alƙali, ya yi gyaran muryarsa, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida. Kun tashi lahiya?" Ni kuma ganin yadda ya ƙame ya sa dariya ta kuɓuce mini, ta shiga cikin abin da aka ɗauka. Baffa ya ce a sake, Tsoho ya ce a bar ta, ai da amarya ake shiga gida.

Tun daga ranar, duk safiya in Baffa ya kunna na'ura, sai ka ji Tsoho ya yi sallama daga ɗakin zaure, ko da shi yana can gona. Da farko Kaka ta sha amsawa daga madafa, sai ta jira takun takalmi ba ta ji ba, ta gane, ta yi tsaki ta ce an mayar da ita abin wasa. Daga baya kowa ya saba, har muka daina ji.

Bazarar da ta biyo bayan wannan, lokacin da zafi ke hana kaji ko motsi, Tsoho ya kwanta. Bai daɗe ba. Zazzaɓi ne, aka kai shi likita, aka dawo da shi, ranar wata Laraba da hantsi ya cika. Ban taɓa ganin mutuwa a gidanmu ba sai ranar. Abin da na fi tunawa shi ne takalmansa a bakin zaure, ba wanda ya iya ɗauke su.

Ranar sadakar bakwai gida ya cika ya batse. Dangi sun zo daga Tagriss da raƙumansu, Goggo, 'yar Tsoho ta fari, ta zo daga Korahane da mata cike da mota. Maza suna waje ƙarƙashin rumfa, mata muna ciki, Kaka tana tsakiya a kan tabarma cikin kayan takaba, ba awarwaro, ba kwalli, carbi a hannunta. Tun da safe Baffa ya aro babbar lasifika ta lakwal, ya haɗa ta da na'urar, ya sa karatun Alƙur'ani don masu zaman makoki su ji har waje. Can wuta ta ɗauke, karatu ya tsaya, ba wanda ya damu. Aka ci gaba da gaisuwa, ana raba gumba da goro. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a, gari ya yi tsit, ba ka jin komai sai amin.

Ana cikin haka wuta ta dawo.

Gyaran murya muka fara ji. Ba ƙarami ba, irin wanda ya cika gida ya tsallake katanga. Sannan muryar Tsoho, tasa ta kansa, wadda muka binne mai ita kwana bakwai da suka wuce, ta ce, "Salamu alaikum, masu gida. Kun tashi lahiya?" Sai dariyar yarinya ta biyo baya.

Mai karatu, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ni da na san daga inda muryar ta fito, ni da dariyata ce a ciki, sai da na ji gashin jikina ya miƙe. To ina ga baƙin da ba su taɓa jin labarin na'ura ba? Goggo ta ƙwala ƙara ta faɗi sumammiya a kan ƙwaryar gumba. Mata suka watse, wata ta bar goyonta, wata ta shige rumbu. A waje rumfa ta rushe don gudun maza, wani dattijo da aka kawo shi a kan jaki saboda ciwon ƙafa aka gan shi ya riga samari kaiwa bakin titi. Raƙuman Tagriss suka tashi suna ruri. Liman dai bai gudu ba, amma an ce hannuwansa sun daskare a sama, ya manta inda ya tsaya.

Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Kaka ta ɗaga kai ta dubi zaure, ta ce da muryarta ta kullum, "Wa alaikumus salam, Malam. Lahiya lau." Sannan ta matsa gefe a kan tabarmar, ta bar wuri.

Kafin la'asar labari ya kai tasha, ya kai kasuwa. Wai Tsoho ya dawo ya yi sallama a gidansa, wai har da dariyar aljana. Wasu suka ce fatalwa ce, wasu suka fara tambayar me ya aikata a duniya da kabari ya ƙi riƙe shi. Wannan maganar ita ta ƙona ran mahaifina, wanda shi ne babba a maza, kuma yanzu gidan a wuyansa yake. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ba a taɓa jin kansa da kowa ba, yau sunansa ne a bakin masu shayi. Ya kira Baffa zaure. Ban taɓa jin mahaifina ya ɗaga murya haka ba. Ya tuna masa cewa Tsoho da bakinsa ya ce a hana abin nan tashi da kansa. Baffa yana tsaye, hawaye na zuba. Mahaifina ya ce a goge muryar yanzu, a gabansa, kar ta ƙara fitowa har abada.

Ni kuwa na san bambancin yanka da turke. Tsoho bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ba kaset, ba komai. In aka goge wannan, ba sauran inda za a ƙara jin sa a duniya. Na ruga wurin Kaka na faɗa mata, ina haki. Ta ce in je in kira mata su duka biyu.

Suka zo suka durƙusa a bakin ƙofarta. Ta dubi mahaifina.

"Mi za ka yanka?"

"Inna, mutane na ta magana. Sun ce..."

"Na ji abin da sunka ce. Sallama anka yi, na amsa. Ina laihi a ciki?"

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Ta ce a cire babbar lasifika a mayar wa masu ita, a hana na'urar tashi da kanta kamar yadda mai gidan ya ce tun farko, amma muryar kar wanda ya taɓa ta. Ta kuma ce a ɗauko na'urar daga ɗakin zaure a kawo ɗakinta. Mahaifina ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ni ka takaba ko kai?"

Haka ordinatar Baffa ta koma ɗakin tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, tsakanin jeren kwanoni da buhun gero. Baffa a nan yake zuwa ya buga takardunsa. Ni aka koya wa danna maɓalli. Kowace safiya, bayan ta idar da lazimi, in akwai wuta, sai ta ce, "Ke, tashe shi." In danna, akwatin ya yi huci, tudun nan kore ya bayyana, Tsoho ya yi gyaran murya ya yi sallama. Ta amsa, ta matsa gefe a kan tabarma. Sai ta yi shiru, kunnenta a ƙofa. Ni a lokacin ina ganin abin daɗi ne, har ina alfahari da cewa dariyata ce ke rufe sallamar. Ban lura da shirun da ke biyo baya ba, ban kuma lura da yadda take ramewa ba.

Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya yi ciki ya fitar da kai. Ranar da ta fita takaba aka yi mata wanka da kitso, aka yi 'yar sadaka. Washegari da safe na zo zan danna maɓalli kamar kullum, sai ta riƙe mini hannu, ta ce in kira Baffa.

"Auta, ka kashe shi."

Baffa ya tsaya yana kallonta. Ni ma haka. Matar da ta tsaya wa muryar nan a gaban kowa, yau ita ce ke cewa a kashe.

"Inna, wani ya ce miki wani abu?"

"Ba wanda ya ce mini komi. Kullum shina sallama, ina amsawa, ina gyara mishi wuri, ba ya shigowa. Tun da anka kawo ni gidan ga bai taɓa yi mini haka ba. Na gaji da jiran takalminai."

Can Baffa ya share fuska ya tambaya a hankali, gogewa zai yi ko kashewa. Ta ce, "Kai ma ka san ba na yanka ba ne. Turke shi, shi huta, ni ma in huta." Ina tsaye a bayansa ya ja ɓeran nan, ya shiga inda ake saita sauti, ya cire wata 'yar alama daga cikin wani ɗan akwati. Shi ke nan. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Ya kashe na'urar ya sake kunnawa, tudun ya fito, ɗakin ya yi shiru. Kaka ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta fita tsakar gida, ni kuwa na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawarsa.

Shekaru suka wuce. Na'urar ta koma ɗakin zaure, ta tsufa, wata rana ta ƙi tashi gaba ɗaya, yanzu kaji ne ke ƙwai a cikin akwatinta. Amma kafin ta mutu Baffa ya kwafe muryar, da zan tafi karatu Maradi ya ba ni ita a ɗan makullin ajiya, wato filashin da ake soka wa na'ura, ya ce in riƙe tun da da ni a ciki. Na yi karatun na'ura, na sami aiki, na yi aure. Duk na'urar da na canza sai na ƙaura da muryar, amma ban taɓa kunna ta ba. Kaka ma ba ta ƙara tayar da maganar ba, har na ɗauka ta manta.

Bara waccan, da damina, aka kira ni aka ce jikinta ya yi tsanani. Na iso da hantsi, na same ta kwance a kan tabarmar nan dai, ta zama 'yar ƙarama, idonta ya daina gani sosai. Ta shafa fuskata ta gane ni, ta ce amaryar Malam ce ta zo ƙwace mata ɗaki. Muka yi dariya. Can ta jawo ni kusa.

"Muryar nan, tana nan ko an yanka?"

"Tana nan, Kaka."

"Kwance ta."

Na fiddo ordinatar tawa daga jaka. Mahaifina da Baffa suna zaune a bakin ƙofa, dukansu sun yi furfura. Na danna. Tsoho ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya tambaya ko mun tashi lafiya, yarinyar nan ta yi dariyarta. Kaka ta yi murmushi. Wannan karon ba ta matsa gefe ba.

"Wa alaikumus salam, Malam," ta ce. "Lahiya lau. Kak ka shigo. Dakata nan, ni ce za ni hito."

Ba ta ga Juma'ar da ta biyo baya ba.

Yau na'urori sun cika mana gidaje da aljihu, kowace da bakinta. Suna kiɗa a masallaci, suna magana a tsakiyar makoki, ba mai razana, ba mai ko ɗaga kai. A gidanmu na Dakoro ma yara sai dai ka gan su tsakar gida, kunnuwa a toshe, ba gyaran murya balle jiran amsa. Ni dai duk na'urar da ta shigo hannuna sai na zaunar da ita na bi ta ɗaya bayan ɗaya, na yanka, na turke, na saki, kuma tawa shiru take tashi. Abokan aiki sun ce in sa mata ko ɗan kiɗa ne, na ce a'a. Muryar tana nan a ciki, a turke. Wani lokaci nakan kai ɓeran har kanta, in tsaya, in janye hannuna. In na kwance ta sallama zai yi, ya tsaya yana jira, mai amsa masa kuwa ta riga ta fita wurinsa.